Koci Ƙarami Ya Ƙetare Rafi

A bakin matata na fara jin labarin, kuma ina tsakiyar cin tuwo. Ta ajiye mini ruwan sha, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta ce ƙaninta ya aiko a gaishe ni, kuma wai daga wannan makon shi ne zai riƙa horar da ƙungiyar ƙwallon ƙetaren rafi. Ta faɗa hankali kwance, kamar mai ba ni labarin kaza ta yi ƙwai. Na tsame hannuna daga kwano. Ta ce in ci abincina, ai ba tuwon ne ya ƙetare rafi ba.

Ni malamin firamare ne a wani ɗan gari kusa da Tsiga, kuma a lokacin na shekara tara ina kocin ƙungiyar garin. Ba kuma kocin ganin dama ba. Na yi kwas na mako biyu cur a Katsina, aka ba ni satifiket, na sa shi a gilashi na rataye a zaure, daidai inda duk mai shigowa sai ya gani ko ba ya so. Shi kuwa ƙanin matata mai faci ne a bakin tasha. Abin da ya sa na jawo shi cikin ƙungiya tun farko, yana da injin iska, ƙwallayenmu kuma ba sa kwana uku ba su sace ba. Daga busa ƙwallo ya koma ɗaukar jaka, daga ɗaukar jaka yara suka soma kiransa Koci Ƙarami, ni kuma Koci Babba. Ban hana ba, tunda dai an bambanta.

Su 'yan ƙetaren rafi garinsu yana kan hanyar Danja, tafiyar 'yan mintuna a babur. Muna auren 'ya'yansu suna auren namu, muna cin kasuwarsu, in an yi musu rasuwa mu ne a sahun gaba. Amma ranar da za mu haɗu a fili, ko gaisuwa sai an tashi daga wasa. A shekarar ne wani Alhaji dillalin masara ya karɓi ƙungiyarsu, ya saya musu sababbin jesi ja da fari, ya duba bai ga kocin da zai ɗauka ba sai mai ɗaukar jakata. Har da rumfar faci ya ba shi a bakin tasharsu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce wa matata kada ya ƙara taka mini gida. Ta ce to, za ta riƙa ganinsa a zaure, ƙarƙashin satifiket.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sirrin ƙungiya. Ina da wani littafi mai bangon shuɗi wanda na zana duk dabarunmu a ciki, ina kuma da alamomin da nake yi wa yara daga bakin fili. In na tsuguna, a kai hari ta gefen hagu. In na rungume hannu, a ja lokaci. Babbarsu ita ce hula: in na cire hula, kowa ya koma baya a tare gida. Shekara tara yana zaune kusa da ni a benci yana kallon wannan hula tana hawa tana sauka, yanzu ya kwashe duka ya kai wa abokan gaba. Sai na yi abin da nake ganin duk mai ilimi zai yi, na juya alamomin. Daga yanzu cire hula na nufin kowa ya taso gaba a kai hari. Mako uku muna atisaye a filin makaranta, ina cire hula ina mayarwa har ta yi laushi. Golanmu, wani dogon yaro mai yawan tambaya, ya ɗaga hannu ya ce, to Koci in kuma zafi ne ya sa ka cire fa? Na sa shi ya zagaya fili sau biyu.

Abu na biyu da na yi, na soke gayya.

Yawancin 'yan wasana 'ya'yan manoma ne, kuma tun shekarar da ƙanin matata ya shigo ya ɓullo da wata al'ada da ba ta taɓa kwanta mini ba. Da damina ta faɗi zai riƙa kwasar yaran da sassafe, yau gonar baban wannan, jibi ta baban wancan, su yi noman farko, su yi maimai, su yi huɗa. Da kaka kuma su bi girbi. Ya san wanda ya shuka masara da wanda ya shuka waken soya, ya san gidan da ake zuwa gaisuwa bayan sallar asuba da gidan da sai an taso daga coci. Ni kuwa a wurin kwas an nuna mana hoton tsokokin jikin ɗan ƙwallo, na kuma fahimci cewa sunkuyo da fartanya ko lauje yana sandarar da ƙugu. Na sha yi masa faɗa a kan haka a gaban yara. Sai ya yi murmushi ya ce, "To, Yaya," washegari kuma in ji suna gonar wani. Ni duk a ɗaukata neman suna ne, da kwaɗayin kunun da ake kaiwa gona. Da ya tafi na tara yara na ce daga yau mun zama ƙwararru, ba mai sake taɓa lauje da sunan ƙungiya. Suka dubi juna. Na ɗauka farin ciki ne ya hana su magana.

Ana haka aka fitar da jadawalin gasar matasa ta yankinmu, sai ga shi wasanmu na farko da 'yan ƙetaren rafi ne, a filinmu, ranar Asabar bayan la'asar, kuma daidai lokacin yankan waken soya. Wanda bai noma waken soya ba ba zai gane ba. Masara in ta bushe takan jira ka a tsaye, dawa ma tana da haƙuri. Shi waken soya da ya ji rana sai kwansonsa ya riƙa fashewa, ƙwayar tana zubewa ƙasa kana ji kana gani. Ba uban da zai bar ɗansa ya tafi buga ƙwallo alhali wahalar shekara tana tsiyayewa a gona. Dokar gasar kuwa a fili take: duk ƙungiyar da ta kasa tsayar da mutum bakwai an ba abokiyar karawarta wasan, ita kuma an kore ta daga gasar shekara biyu. A shekara taran da na yi ban taɓa rasa sha ɗaya ba, ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ranar Litinin mutum tara suka zo atisaye. Ranar Talata biyar. Na ce ba komai, iyaye ne ba a sanar da su a hukumance ba. Na hau babur na je Funtuwa aka buga mini wasiƙu a kwamfuta, kowace da sunan uba, ina sanar da shi cewa ana bukatar ɗansa ranar Asabar da ƙarfe uku, na sa hannu na danna hatimi. Na bi gida-gida da kaina. Wani ya karɓa ya yi godiya ya ce Allah ya ƙara ilimi. Wani ya ce sai ɗansa ya dawo daga gona zai karanta masa. Baban ɗan gabanmu, wanda duk cin da muke yi a ƙafarsa yake, ya linke tasa ya cusa a ƙasan ƙafar benci da ke rawa, ya zauna ya gwada, ya ce madalla.

Gidan da na fi bukata shi ne na baban golanmu. Dattijo ne a coci, mutum mai magana ɗaya, kuma 'yan wasana huɗu a hannunsa suke: golan, da ƙaninsa, da 'ya'yan wansa marigayi guda biyu da ya riƙe. Na same shi a ƙofar gida yana wasa lauje a dutse. Ya sa tabarau ya karanta wasiƙar tun daga adireshi har hatimi. Ya ce mai injin casa ranar Litinin zai zo masa, in ya wuce kuma sai bayan mako biyu. Lahadi shi ba ya aiki, ko da waken zai ƙare a ƙasa. Saboda haka dole a gama yanka a tara ranar Asabar kafin rana ta faɗi. Na fara yi masa bayanin doka da shekara biyu. Ya bari na kai aya, ya miƙo mini wasiƙata.

"Malam, wancan yaron ba ya zuwa da takarda," in ji shi. "Da lauje yake zuwa."

Ranar Juma'a da yamma na ƙidaya waɗanda na tabbatar za su zo: ɗan tela, ɗan ma'aikacin asibiti, 'yan acaɓa biyu, da wasu tagwaye da babansu bai shuka komai ba sai dawa. Mutum shida. Na sake ƙidayawa daga ƙasa, shidan dai. Har na ɗauko tsohon gajeren wandona na wasa in ga ko zan cike na bakwai da kaina, wando ya hau har gwiwa ya ce ya gama nasa. Matata tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Ba ta yi dariya ba, na kuwa gode mata. Ta dai ce raina kama ka ga gayya, ta tafi ta duba tukunyarta.

Tsoro ya kama ni sosai a ranar. Ba na rashin nasara ba, an sha cin mu. Tsoron in tsaya a filin makarantar da nake koyarwa, gari ya taru, Alhaji ya zo da makaɗa, alƙalin wasa ya ƙidaya mu da yatsa ya hura usur a watse, kuma a ce a hannuna ƙungiyar da ta girme ni ta mutu, wata ɗaya bayan mai faci ya tafi.

Ranar Asabar da na dawo daga sallar asuba na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina na ce ya ara mini lauje. Ya tambaye ni ko akuya na saya. Na ce ya dai ba ni. Na sa rigar koci, na rataya usur saboda ban san yadda ake fita ba shi ba, na hau babur sai gonar dattijo.

Ban taɓa sanin gonar tana da girma haka ba. Sun riga ni isa, shi da yaran huɗu, sun ci ɗan gefe, sauran kuwa har inda ido ya tsaya. Na yi sallama. Dattijo ya miƙe ya dube ni, ya dubi laujen, bai tambaye ni komai ba, ya nuna mini layi biyu. Rabona da sunkuyawa a gona tun ina makarantar horon malamai. Kwanson waken yana sukar hannu, raɓa ta jiƙa mini takalmi, usur yana lilo yana dukan haɓata. Kafin rana ta yi tsawon sanda tafin hannuna ya yi ƙuraje biyu na ruwa, bayana kuma ya ƙi miƙewa. Yaran sun yi mini nisa suna satar kallona. Da na tsaya na dafe ƙugu, golan ya juyo cikin ladabi ya ce, Koci, ashe da gaske ne yana sandarar da ƙugu. Ba ni da ƙarfin da zan sa shi ya zagaya ko'ina.

Na yi lissafi a zuci. Mu shida ko za mu kai magariba ba mu gama rabi ba. Na zo ne dai kawai, amma zuwan nawa ba abin da zai canza.

Wajen hantsi muka ji ƙugin mota. Wata a-kori-kura ta tsaya a bakin gona, samari suka yi ta dirowa, kowa da lauje, na ƙidaya goma sha shida. Na san fuskokinsu sarai, don shekara da shekaru ina zaginsu daga bakin fili. 'Yan ƙetaren rafi ne. Na ƙarshe da ya fito daga gaban mota shi ne ƙanin matata, da tsohuwar rigarsa ta faci. Ya wuce ni ya je ya durƙusa ya gaida dattijo, ya tambayi jikin Mama, sannan ya dawo wurina ya ɗan rusuna ya ce, "Yaya, barka da ƙoƙari."

Na ce leƙen asiri aka zo yi ke nan.

"A'a, Yaya. Tun ranar shuka na yi wa Baba alkawarin zan zo yanka. Ƙungiya na canza, ban canza alkawari ba."

Ya raba yaransa layi-layi kamar yadda yake raba namu a da, ya ɗora waƙa suka amsa, aiki ya kama. Ni aka bar ni da layina biyu, ba wanda ya taɓa mini, don girmamawa. Daga baya na ji cewa matata ce ta buga masa waya ranar Juma'a ta ce mutum shida gare ni. Na kuma ji Alhaji ya yi tsalle ya dire, ya ce ga wasa a ɓagas za a kai masa yara su gaji a gonar abokan gaba. Shi kuma ƙanin matata ya ce masa in aka ba su wasa ba a buga ba, wa zai ga sababbin jesin? Da wannan Alhaji ya sauko, har ya ba da motar.

Kafin azahar an share gonar dattijo an tara. Suka faɗa ta maƙwabcinsa, baban ɗan gabanmu mai benci, wanda kaɗan ya rage masa. Matar dattijo ta aiko da dambu a manyan faranti da tulun kunun tsamiya. Mu Musulmi muka yi salla a gindin ɗorawa, 'yan'uwanmu Kirista suka yi gadin dambu, gadin da ya rage shi da kusan rabi. Na zauna a faranti ɗaya da ɗan bayansu wanda bara na ce a gaban jama'a ƙafarsa ta fi dacewa da tuƙa tuwo. Shi ya riƙa turo mini ɓangaren da ya fi mai. Kunya ta ishe ni har na rasa inda zan ajiye idona.

Ƙarfe huɗu na tsaya a bakin fili da mutum goma sha ɗaya cif, benci ba kowa sai ni da jaka. Gari ya cika, Alhaji ya zo da makaɗansa, jesin kuwa sun yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Wasan dai na gajiyayyu ne. Duk wanda ya faɗi sai ya ɗan jima a ƙasa yana hutawa. Suka ci mu ɗaya, ɗan gabanmu ya farke kafin hutun rabin lokaci, aka yi ta tafiya kunnen doki. Ni kuwa da kunnen doki zan kwana lafiya.

Sai dai tun daga gona ƙaiƙayin wake ya shige mini ƙarƙashin hula, gumi ya jiƙa shi, yana cina kamar tururuwa. Na daure. Na san abin da hular nan take nufi, ni na rubuta dokar. Na matsa ta hagu, na matsa ta dama, na sosa ta sama da ƙulli. Saura kamar minti biyar a tashi, ban san lokacin da hannuna ya fizge ta na kama susa da farce biyar ba.

Yaran da suka yi mako uku suna atisaye suka kwasa gaba da gudu. Waɗanda gona ta hana su zuwa, da har yanzu tsohuwar alama ke kansu, suka kwasa baya. Har biyu suka yi karo a hanya. Tsakiyar fili ta zama fayau, ka shanya masara. Golanmu ya juyo ya fuskance ni ya buɗe hannu biyu yana tambayar wanne ake nufi, yana cikin tambayar ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa. Biyu da ɗaya aka tashi. Makaɗa suka ɓarke, Alhaji ya jefa tasa hular sama. Na hango ƙanin matata a ɗaya bencin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na ɗauki wata ƙwallo da ta fashe na ƙetare rafi. Akwai mai faci a garinmu, amma na ce wa matata bai iya ba. Na same shi a sabuwar rumfarsa, ya share mini benci, ya karɓi ƙwallon yana neman inda take yoyo a cikin ruwa. Na tambaye shi ko ya san na juya alamomin. Ya ce duk yankin an sani, ai a fili nake atisaye. Na ce to da na cire hular me ya gaya wa yaransa.

"Ban ce musu komai ba, Yaya. Na san susa ce. In alama ce da hannun dama kake cirewa."

Ni kaina ban san haka ba. Na dubi kumfar da ke tasowa daga ƙwallon. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, da kyar, ina kallon wani wuri. Na ce ya dawo, in sunan ne ma a raba, ko a ba shi babban. Ya goge hannu a riga ya ce ya gode, amma ya yi wa Alhaji alkawarin shekara uku, iyayen yaran can kuma sun riga sun nuna masa gonakinsu. Na ji zafin maganar, amma irin wannan alkawarin ne ya cece ni shekaranjiya.

Na ciro littafina mai bangon shuɗi, na wuce shafukan dabaru na sami fari, na ce to gonar wa ke biye. Ya fara lissafo mini da ka yana shafa gam: tagwaye dawarsu saura mako uku, a je wa babansu bayan asuba, kada a zauna a kujerarsa ko ya yi tayi. Shi kuma tela yana da 'yar fadama yana dasa tumatir da rani, ba ya faɗa sai an tambaya. Na cika shafi huɗu.

Ranar girbin dawa na isa gonar baban tagwaye kafin rana ta fito, da yara goma sha huɗu a bayana. Tsohon yana cikin waɗanda na kai wa wasiƙa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ina takardar?"

Na ce na baro ta a gida, a nuna mini layina.